Tambaya da Amsa: An Sayar da NEPA, To Wa Ke Ƙara Mana Kuɗin Wuta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni tela ne a nan Zariya. Ina da kekuna uku masu aiki da wuta, da dutsen guga, da yara masu koyon sana'a a hannuna. A da idan na sayi katin naira dubu goma yakan kai ni kusan ƙarshen wata. Yanzu kwana goma ba ya yi, wai an sa layinmu a rukunin da ake kira Band A. Kullum da yamma gardama ake tafkawa a majalisarmu. Wasu suna cewa tun ranar da aka cefanar da wuta ga 'yan kasuwa muka shiga uku, gara gwamnati ta karɓe kayanta a koma NEPA. Wasu kuma suna cewa laifin gwamnati ne da ba ta sakar wa 'yan kasuwa mara gaba ɗaya ba, da an yi yadda aka yi wa wayar salula da yanzu wuta ta wadata ta yi araha. Don Allah wane ɓangare ne da gaskiya? Kuma wa ke yanke farashin nan, kamfani ko gwamnati?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaran da kake koyarwa.

Mitarka lafiyarta ƙalau. Ranar 3 ga Afrilun 2024 ne Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Da naira ta ɗan farfaɗo sai aka sauko da shi zuwa 206.80 a watan Mayu, watan da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tare ƙofofin ofisoshin hukumar da na kamfanonin wuta, sannan ya sake hawa zuwa 209.50 a watan Yuli. Idan ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kai, dubu goman da take sayo maka yunit wajen 135 yanzu da ƙyar take kawo 44. Rabon rukunan kuwa tun 2020 aka yi shi, bisa awoyin da aka yi wa kowane layi alkawari a rana: A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ƙarin na 2024 rukunin A kaɗai ya shafa, waɗanda hukumar ta ce su ne kusan kashi 15 cikin 100 na masu amfani da wuta.

Ka ga amsar tambayarka ta biyu ta fito. NERC hukumar gwamnatin tarayya ce, shugaban ƙasa ke naɗa kwamishinoninta, kuma kamfanin rarraba wuta ba shi da ikon ƙara ko kwabo a kan yunit sai da takardarta. Farashin wuta bai taɓa barin hannun gwamnati ba. Wannan kaɗai ya isa ya sauya akalar gardamar majalisarku, domin ɓangarorin biyu suna magana ne kamar an bar wuta ga kasuwa, ɗaya yana tir, ɗaya yana cewa a ƙara.

Ga abin da aka yi a zahiri. An kafa NEPA a 1972 ta hanyar haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja. Ita ke samar da wuta, ita ke dakonta a manyan layuka, ita ke kai ta gidaje ta karɓi kuɗi. Kainji ta fara aiki a 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990. Daga nan aka yi shekaru ba a gina wata babbar tasha ba, na hannu kuma ba a gyarawa, har ta kai lokacin da aka dawo mulkin farar hula a 1999 abin da ƙasar ke samarwa bai kai megawat 2,000 ba. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi dokar gyaran ɓangaren lantarki, NEPA ta koma PHCN, aka yanka ta gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na rarrabawa 11, da na dako guda ɗaya, wato TCN. A Nuwamban 2013, zamanin Jonathan, aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa. Kamfanin Kaduna, wanda Zariya ke ƙarƙashinsa tare da jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, sai a Disamban 2014 aka miƙa shi. Gwamnati ta riƙe kashi 40 cikin 100 na kowane kamfanin rarrabawa, ta kuma riƙe TCN ɗungurungum. An sauya mai shago, amma shagon har yanzu ɗaya ne tak a kowane yanki, kuma kai da ke Zariya ba ka da wani da za ka koma wurinsa.

Masu kawo misalin wayar salula na fahimci abin da suke gani. Kafin lasisin GSM na 2001 layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, sai ga shi yau mai tallar rake ma da wayarsa. Sai dai akwai bambanci babba. Saƙon waya ta iska yake tafiya, kamfanoni huɗu za su iya ratsa saman rufin gidanka lokaci guda, wanda ya ɓata maka rai ka cire layinsa ka sa wani. Wuta kuwa sai ta waya da turaku da taransifoma. Babu mai hankalin da zai zo ya kafa turaku na biyu a lungunan Ƙofar Doka ko Kwarbai kusa da na farko don ya yi gasa, kuɗin ba zai taɓa fita ba. Shi ya sa ko a Ingila, wadda ta cefanar da lantarkinta a 1990 kuma magidanci yake iya zaɓar kamfanin da zai saya wa wuta, wayoyin da ke kai wutar gida suna hannun kamfani ɗaya a kowane yanki, hukuma ce ke ƙayyade abin da zai caja. Kuma da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2021, ƙananan kamfanonin sayar da wuta kusan 30 suka durƙushe a can.

Abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2000 da 2001 ya fi kusa da halinmu. Sun saki farashin sari ga kasuwa alhali wutar ba ta wadata ba. 'Yan kasuwa, ciki har da kamfanin Enron, suka gano cewa idan aka janye wasu injuna da sunan gyara a lokacin da ake tsananin buƙata, farashi zai ninka. Aka riƙa ɗauke wa jama'a wuta bi da bi a jihar da ta fi kowace arziki a Amurka, babban kamfanin rarraba wutarta ya tsiyace a Afrilun 2001. Gasa tana sauke farashi ne idan kaya sun fi masu saye yawa. Mu kuwa mutum sama da miliyan 200 ne ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, mafi yawan abin da babban layin ƙasa ya taɓa ɗauka bai wuce kusan 5,800 ba. Idan aka saki farashi a wannan hali, mai masana'anta da mai otal za su saye ta, kai ka koma aci-bal-bal. Wannan ba na goyon bayansa ko kaɗan.

Komawa NEPA ma ba na ganin mafita a cikinsa. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san bil ɗin ƙiyasi da karo-karon gyaran taransifoma tun zamanin NEPA ake yin su. Ɓangaren da bai taɓa barin hannun gwamnati ba, wato babban layin ƙasa, ya durƙushe fiye da sau goma a 2024 kaɗai. Ma'aikatu da hukumomin gwamnati suna cikin manyan masu riƙe wa kamfanonin wuta bashi. Amma masu wannan ra'ayi suna da gaskiya a wuri ɗaya mai muhimmanci: cinikin 2013 an yi shi da rauni. Da yawa daga waɗanda suka sayi kamfanonin rarrabawa rancen dala suka ciwo daga bankunan cikin gida lokacin da dala take wajen naira 160. Kuɗin saye ya cinye ƙarfinsu, ba su da sauran abin da za su zuba a sababbin wayoyi da taransifomomi da mitoci, ga naira tana faɗuwa bashin yana kumbura. A Yulin 2022 bankunan da suka ba da rance suka karɓe ragamar kamfanonin Kano da Benin da Kaduna. A Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna saboda bashin kusan naira biliyan 110 da kasuwar wuta ke bin sa. Wato abin da wasu abokanka ke nema, hukuma ta sa hannu ta karɓe, an ɗan ɗanɗana shi a yankinmu, kuma kai shaida ne ko ya sauya adadin awoyin wutar shagonka.

To me ke tura farashin sama? Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke kan babban layi daga iskar gas ake samar da ita, madatsun ruwa ke cike sauran. Gas ɗin namu ne, daga ƙasarmu ake haƙo shi, amma da dala ake yanke farashinsa, kuma a Afrilun 2024 an ɗaga shi ga tashoshin wuta daga dala 2.18 zuwa 2.42 a kowane ma'auni. Kayan gyaran injuna daga waje ake shigo da su. Rancen da aka gina tashoshin da shi na dala ne. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke lissafawa a wajen naira 460 ta haura 1,400 cikin watanni. Kuɗin samar da yunit ɗaya ya ninka fiye da sau biyu ba tare da an ƙara ko kwan fitila ɗaya na wuta ba. Gwamnati ta hana farashin wutar gidaje motsi, ta ce ita za ta cike giɓin, kuma giɓin ya kai wajen naira tiriliyan 1.9 a 2024 duk da ƙarin da aka yi muku. Matsalar ita ce mafi yawan wannan tallafi a takarda yake. Ba a biya kamfanonin samar da wuta, har suka ce suna bin kusan naira tiriliyan 4. Su kuma ba su biya masu gas, masu gas su rage abin da suke turawa, injuna su tsaya. Duhun da aka sha a farkon 2024, lokacin zafi da azumi, daga nan ya samo asali.

Akwai kuma batun adalci a tallafin kansa. Tallafin da ake ɗorawa a kan kowane yunit, wanda ya fi shan yunit shi ya fi cin moriyarsa. Gida mai na'urar sanyaya ɗaki biyar a GRA yana kwasar abin da ya ninka na mai fanka ɗaya sau da yawa. Manomin da ke ƙauyen Giwa ko Soba inda turaku ba su taɓa isa ba bai samu komai, alhali dukiyar ƙasar da ake cike giɓin da ita har da haƙƙinsa a ciki. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki kwata-kwata. Saboda haka ban yarda da masu cewa a mayar da farashi inda yake a da a rufe maganar ba. Ko ba jima ko ba daɗe, sai an biya abin da wuta ta ci wajen samarwa, in ba ta kati ba to ta duhu da kuɗin fetur.

Inda na rabu da gwamnati da kamfanonin shi ne abin da suka sa a gaba da abin da suka bari a baya. An fara da ƙarin kuɗi, an bar mita.

Cikin wutar naira 100 da ake turo wa kamfanonin rarrabawa, abin da ke ɓacewa ba a karɓi kuɗinsa ba ya kai naira 35 zuwa 40 idan aka haɗa ƙasar baki ɗaya, kuma a rahotannin NERC yankin Kaduna ya sha haura rabi. Wani kason yana narkewa ne a tsofaffin wayoyi siraran da suke zafi, da taransifomar da aka yi wa gidaje ɗari take ɗauke da ɗari uku. Wani kason sata ce, jona waya ta bayan mita ko rataya kai tsaye a kan layi da dare. Wani kason kuma bil ne da aka rubuta ba a biya ba. Lokacin da hukuma ke lissafa farashin yunit takan sa wani ɓangare na wannan asara a ciki, ma'ana kai mai sayen kati kana biya wa wanda bai biya ba. A 2024 masu rajistar wuta a ƙasar nan sun kai kusan miliyan 13, kuma fiye da rabinsu ba su da mita. Babu wanda zai yarda ya je kasuwar Sabon Gari a ɗebo masa masara ba mudu a ce ya biya abin da mai kaya ya ga dama, amma haka ake sayar wa miliyoyin gidaje wuta. Mutumin da ake yi wa ƙiyasi ba shi da dalilin kashe kwan waje da rana, tunda ko ya kashe ko ya bari bil ɗin ɗaya ne. Ba shi kuma da ƙwarin zuciyar biya, don ya san a watan da taransifoma ta yi mako uku a lalace ma an kawo takarda. NERC ta sa wa ƙiyasi iyaka a Fabrairun 2020, ta kuma ci tarar kamfanonin 11 naira biliyan 10.5 a farkon 2024 saboda sun ƙetare iyakar. Abin da ya kamata a ara daga wayar salula shi ne wannan: tun ranar farko ana auna kowane minti, kowa yana ganin abin da ya saya da abin da ya rage masa. Da an kashe ƙarfi a kan mita tun 2013, da rabin gardamar nan ba ta taso ba.

Mu ma da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina magana da mutanen gida. Mai walda da ke jona injinsa kai tsaye a kan layi, da magidancin da ya kira yaro ya zagaye masa mita don ya kunna hita da risho na wuta, haƙƙin maƙwabtansu suke ci, domin su ne ke ƙona taransifomar da unguwa za ta yi wata biyu tana kuka a kanta. Zaluncin ƙiyasi bai halatta wannan ba.

Tsarin rukunan ma yana da aibin da ya shafe ka kai tsaye. Da layi ake rabawa, ba a duba aljihun mutum. Idan shagonka ya faɗo layi ɗaya da banki ko babban asibiti, kai da bazawarar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a bayan layinku farashi ɗaya za ku biya da bankin. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta fito fili ta koka cewa kuɗin wutarta ya koma ɗaruruwan miliyoyi a wata, ballantana kai. Sannan tunda wutar da ake rabawa ba ta ƙaru ba, kuma yunit ɗin rukunin A ya ninka na sauran kusan sau uku, duk kamfanin da ke neman kuɗi zai karkata ɗan abin da ya samu zuwa can. 'Yan rukunin C da D ba a ƙara musu kuɗi ba, amma da yawansu sun ga awoyinsu sun ragu. A takarda akwai farashin rangwame na naira 4 ga gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata, sai dai ba tare da mita ba ta yaya talaka zai tabbatar da cewa bai wuce 50 ɗin ba?

Duk da haka ka yi wannan lissafin kafin ka nemi a fitar da ku daga rukunin A. Ƙaramin janareta na fetur, idan ana aiki da shi yadda ake yi a shaguna, lita ɗaya takan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. A lita ta naira 900, yunit ɗaya ya tashi naira 450 zuwa 600, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki da hayaƙin da yaranka ke shaƙa. Idan awa 20 ɗin tana zuwa da gaske, wutar rukunin A ta fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba ga mai sana'a. Cutar tana zuwa ne idan ana cajin ka kuɗin awa 20 ana ba ka 10, sai ka biya mai tsada kuma ka sayi fetur.

Mu a Arewa akwai ƙarin abin da ya kamata ya dame mu fiye da farashi. Kusan duk tashoshin gas suna Kudu, wutarmu tafiya mai nisa take yi kafin ta iso Mando a Kaduna a rarrabo ta zuwa Zariya da Kano. A Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, sannan layin da ke tasowa daga Ugwuaji a jihar Inugu ta Apir a jihar Binuwai ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako a duhu. Tashar Kudenda mai megawat 215 a Kaduna tun 2009 aka ba da kwangilarta. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Waɗannan ayyuka sun fi cancantar a riƙa tambayar 'yan majalisarmu a kansu kullum.

Idan akwai inda gasa ta gaskiya za ta shigo, ta wata ƙofa ce da aka buɗe a 2023. A watan Maris Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samarwa da dako da rarraba wuta a cikin iyakarsu, a watan Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo da Legas sun kafa hukumominsu sun karɓi kula da kasuwar wutarsu. Ba sihiri ba ne: da hukumar Inugu ta rage farashin rukunin A zuwa naira 160 a 2025, rigima ta tashi nan take, domin wutar daga babban layin ƙasa take zuwa kuma jihar ba ita ke biyan giɓin ba. Amma dokar ta sauƙaƙa wa mai jari ya kafa tashar sola ya sayar wa kasuwa ɗaya ko rukunin masana'antu ɗaya. An yi wa shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano irin wannan tun 2018, Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Rana kuwa Arewa ta fi kowane yanki na ƙasar samu, kuma aikin tela da mai niƙa da mai aski yawanci da rana ne. Ina ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Zariya ya kamata su matsa wa gwamnatin jiha a kan wannan.

Kafin nan, ga abin da ke hannunka. Duba takardar katin da kake saya, rukunin da aka sa ka yana rubuce a jiki. Ka samu littafi, kai da maƙwabta biyu ko uku, ku riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kowace rana. Umarnin da NERC ta bayar tare da ƙarin 2024 ya ce layin rukunin A da ya yi kwana bakwai a jere bai cika awoyinsa ba a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da yake samu. Ku rubuta ƙorafi a takarda zuwa sashen kula da abokan ciniki na kamfanin, a buga muku hatimi a kwafinku. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, ku kai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke Kaduna, kyauta ne. Takardar da ta fito da sunan ƙungiyar teloli ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Kada ka ɗauka wahalar banza ce, domin a Afrilun 2024 hukumar ta ci tarar kamfanin Abuja naira miliyan 200 saboda ya caji waɗanda ba 'yan rukunin A ba da sabon farashi, ta kuma sa ya mayar musu. Idan taransifoma ta lalace, gyaranta wajibin kamfani ne. In dole ta sa unguwa za ta yi karo-karo, a fara samun yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar muku da kuɗin a matsayin yunit.

A cikin shagon kuma, dutsen guga ne ke cinye maka kati. Yawancinsu wat 1,000 ne ko fiye, wato awa ɗaya yana zafi yunit ɗaya ya tafi, abin da fankar sama za ta sha cikin awa goma sha huɗu. Ka tara guga a yi shi lokaci ɗaya maimakon a bar dutsen a jone tun safe, ko a koma na gawayi ga kayan da ba sa tsoron toka. Idan kekunanka na masana'anta ne masu tsohuwar mota da ke juyawa ko ba a taka ba, ka tambayi masu sayar da kayan keke motar keke da ake kira servo, wadda ba ta shan wuta sai an taka, tana rage fiye da rabin abin da keken ke ci. Da irin wannan mota, kekuna uku da fanka biyu da ƙwayayen fitila masu ƙaramin wat ƙaramar sola za ta iya ɗaukar su da rana. Batir ne ke cin kuɗi a sola kuma shi ke fara mutuwa, don haka tunda aikinka na rana ne ka fi ba farantan ƙarfi, ka sayi batir daidai na awa biyu ko uku na bayan magariba, dutsen guga kuma kada a jona shi a kai.